Cefane da Iyakar Aljihu

1. Ran kasuwa a Maraɗi

Ran Litinin da ran Juma'a babbar kasuwar Maraɗi ke ci. Tun da hantsi mutane suke kwararowa daga ko'ina. Mutanen Tibiri su zo da hatsi da wake da awaki. Mutanen Jiratawa su zo da zogale da tumatir da albasa da tattasai. Ƴan tireda su baje atamfa da takalma da kwanoni da sabulu, waɗansu daga Katsina da Kano aka kawo su.

A ce inna ta aike ka wannan kasuwa. Ta damƙa maka kuɗi, ta ce: "Ka riƙe da kyau. Su ke nan gare mu, sai babanku ya dawo."

Kana shiga, ƙamshin tsire ya buge ka. Ga mai rake, ga mai ƙuli-ƙuli, ga takalmin da ka daɗe kana so. Ido yana son kome. Amma kuɗin da ke hannunka ba su isa sayen kome ba. Dole ka zaɓa: ka ɗauki wani abu, ka bar wani.

Ba kai kaɗai ba ne. Inna tana zaɓe, malam yana zaɓe, babban alhaji mai motoci ma yana zaɓe, don babu wanda kuɗinsa ba su da iyaka. Masu ilimin tattalin arziki sun daɗe suna nazarin yadda mai saye ke yin wannan zaɓe. Sun ga cewa abu uku ne a cikinsa. Nawa gare ni? Nawa ake sayar da kayan? Wane amfani zan samu in na saya? Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

2. Iyakar aljihu

Mu fara tuna yadda muke ƙirga kuɗi. Tamma 5 dala guda ce. Dala 20 tamma 100 ke nan. Dala 200 kuwa jika guda. Hatsi da wake da tiya ake auna su. Tiyar hatsi ta kai wajen kilo biyu da rabi.

Mu ɗauka, a misali, inna ta ba ka jika uku, watau dala 600. Ta ce hatsi da wake kawai za ka sayo. Ka tarar tiyar hatsi dala 100 ce, tiyar wake dala 200. Ga abin da kuɗinka za su iya saye in ka kashe su duka:

Hatsi tiya 6, wake babu.
Hatsi tiya 4, wake tiya 1.
Hatsi tiya 2, wake tiya 2.
Hatsi babu, wake tiya 3.

Ku gwada lissafin. Tiya 4 ta hatsi dala 400 ce. A haɗa da dala 200 ta wake, ya zama dala 600 cif. To, hatsi tiya 5 da wake tiya 2 fa? Wannan dala 900 ne. Ko ka yi ta ciniki har yamma, jika uku ba ta zama jika huɗu da rabi.

Ana iya zana wannan a allo. Ku ja layi a kwance, ku raba shi gida 6: wannan na hatsi ne. Daga farkonsa ku ja wani layi a tsaye, ku raba shi gida 3: wannan na wake ne. Sai ku haɗa ƙarshen na kwance da ƙarshen na tsaye da layi miƙaƙƙe. Wannan layi na uku shi ne iyakar aljihu. Kamar katangar gida yake. Duk abin da ke ciki kana iya sayensa. Abin da ke bayan katanga sai dai kallo.

Abu biyu ke gina wannan katanga: yawan kuɗinka da farashin kaya. In kuɗi sun ƙaru, katanga ta matsa waje, fili ya yi faɗi. In kaya sun yi tsada, katanga ta matso ciki, ko da kuɗinka ba su ragu da tamma guda ba.

3. Taura biyu ba ta taunuwa

Ku sake duba jerin da ke sama. Duk lokacin da wake ya ƙaru da tiya 1, hatsi yana raguwa da tiya 2. Ashe tiyar wake tana da farashi iri biyu. Na farko shi ne wanda mai awo ya faɗa, dala 200. Na biyu shi ne hatsi tiya 2 da ka bari a kasuwa domin ta.

Wannan farashi na biyu shi mutane suka fi mantawa da shi. Yaron da ya sayi alewa da kuɗin alƙalami bai biya da kuɗi kaɗai ba. Ya biya da rubutun da ba zai yi gobe a aji ba. Magidancin da ya hau kabu-kabu daga tasha zuwa gida ya huta da tafiya, amma ya bar kuɗin kayan miya. Wani lokaci hawan shi ne daidai, in yana ɗauke da kaya masu nauyi ko yana sauri zuwa asibiti. Abin nufi dai shi ne, kafin ka miƙa kuɗi ka tambayi kanka: me zan bari in na ɗauki wannan?

4. Moɗar farko da ta huɗu

Yanzu mun san abin da za mu iya saye. Saura mu gane wanne ya fi. Nan ne zancen amfani ya shigo.

A ce ka taso daga Tibiri a ƙasa cikin watan Afrilu, rana tsaka, har ka iso Maraɗi. Maƙogwaronka ya bushe. Aka ɗebo maka ruwan randa mai sanyi. Moɗar farko ba ta da tamka, kamar an mayar maka da rai. Moɗa ta biyu da daɗi, amma ba kamar ta farko ba. Ta uku da ƙyar ka shanye ta. Ta huɗu kuwa sai ka ce: "Na gode, na ƙoshi."

Ruwan bai sake ba. Randa guda ce, moɗa guda ce. Bukatarka ce ta ragu. Haka yake ga masa, da nama, da tufafi, da kusan duk abin da ɗan Adam ke amfani da shi. Riga ta farko ta rufe tsiraici. Ta biyu ta ba ka damar wanke ta farko. Ta goma sai ta kwanta a akwati. Duk ƙarin da aka yi yana da amfani, amma amfaninsa bai kai na wanda ya gabace shi ba. Wannan shi muke kira raguwar amfanin ƙari. Wani Bajamushe mai suna Gossen ya bayyana shi a rubuce a shekarar 1854.

Wannan ilimi ya warware wata tsohuwar tambaya. A shekarar 1776 wani masani mutumin Sikotlan, Adam Smith, ya lura da wani abin mamaki. Babu abin da ya kai ruwa amfani, amma yana da araha. Lu'ulu'u kuwa ba a ci, ba a sha, amma tsadarsa ta wuce misali. Ga amsar: inda ruwa ya wadata, mutum ya riga ya sha, ya yi wanka, ya yi wanki, saboda haka ƙarin moɗa guda ba ta dame shi ba. Lu'ulu'u kuwa kaɗan ne a duniya. Amma matafiyin da ƙishirwa ta kama a tsakiyar hamada zai ba da lu'ulu'u don moɗar ruwa, bai ko yi ciniki ba.

5. Inda dala ta fi amfani

Babu ma'aunin da ke auna daɗi ko ƙoshi kamar yadda tiya ke auna hatsi. Amma don mu gane, bari mu ba kowace tiya maki, kamar yadda malam ke ba ku maki a jarrabawa. Mu ce ga yadda inna take ganin amfaninsu ga gidanku:

Hatsi: tiya ta farko maki 50, ta biyu 40, ta uku 30, ta huɗu 20, ta biyar 10, ta shida 5.
Wake: tiya ta farko maki 60, ta biyu 30, ta uku 10.

Kun ga makin yana raguwa, kamar moɗar ruwa. Yanzu mu tara:

Hatsi 6, wake babu: maki 155.
Hatsi 4, wake 1: 140 da 60, maki 200.
Hatsi 2, wake 2: 90 da 90, maki 180.
Hatsi babu, wake 3: maki 100.

Duka huɗun dala 600 suka ci. Amma na biyu ya fi ba gida amfani. Shi ya kamata ka sayo.

Ku lura da wani abu. Tiyar wake ta farko ta fi kowace tiya maki, amma ba ita ce abin fara saye ba. Don me? Don kuɗinta biyu ne. Makinta 60 a kan dala 200, watau maki 30 ga kowace dala 100. Tiyar hatsi ta farko kuwa maki 50 take bayarwa a dala 100. Ba amfanin abu kaɗai ake dubawa ba. Ana duba amfaninsa, a kwatanta da kuɗinsa.

Ga ƙa'idar a taƙaice: kowace dala a kai ta inda za ta fi amfani. In ka ga dalar ƙarshe da ka sa a hatsi za ta fi amfani a wake, ka matsar da ita. Ka yi ta matsarwa har ka kai inda matsarwar ba ta ƙara kome. Nan ne zaɓe ya yi daidai.

Inna ba ta rubuta maki a takarda. Amma ku bi ta kasuwa wata rana ku gani. Ta ɗaga kasa, ta aje. Ta rage mai, ta ƙara daddawa. Ta ce: "Nama na dala 60 ya isa, sauran a sa a sabulu." Wannan lissafin take yi a ka, kuma ta gwanance da shi tun ba a haife ku ba.

6. Tumatir ɗin Jiratawa

Makin da muka bayar na gidanku ne. Wani gida nasu dabam ne. Gidan da ke da ƙananan yara da yawa za su ba wake da nono maki mai yawa. Tsohon da ba shi da haƙora ba zai ba tsire maki ba. Kowa da bukatarsa, kowa da abin da ransa ke so. Shi ya sa mutum biyu masu kuɗi daidai suke fita kasuwa da kaya dabam-dabam, kuma babu wanda ya yi kuskure.

Zaɓe yana sakewa kuma in farashi ya sake. A kudancin Maraɗi, a kwarin Gulbi, akwai garin Jiratawa. Tun farkon shekarun 1980 aka gyara fili wajen hekta 500 a can don noman rani, ana jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa da injuna. Lokacin ɗari, in tumatir ya nuna a garake, sai ya cika kasuwannin Maraɗi, ya yi araha. Kowace tukunya ta sami ɗanyen tumatir. Mata masu dabara su saya da yawa, su yanka, su shanya, su yi kauɗa. In damina ta shigo, ɗanyen ya yi ƙaranci, ya yi tsada. Sai a koma ga kauɗa, ko tumatirin gwangwani, ko a yi miyar kuka da kuɓewa. Wannan shi ne musanya: in abu ya yi tsada, a nemi ɗan'uwansa mai araha wanda zai yi aikinsa.

7. In hatsi ya yi tsada

Tumatir yana da madadi. Hatsi kuwa shi ne tuwo, shi ne fura, shi ne kunu. Musanya shi ba sauƙi.

Mu koma ga misalinmu. A ce damina ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa, tiyar hatsi ta kai dala 200. Kuɗin inna suna nan dala 600. Yanzu ga abin da za su saya:

Hatsi 3, wake babu: maki 120.
Hatsi 2, wake 1: maki 150.
Hatsi 1, wake 2: maki 140.
Hatsi babu, wake 3: maki 100.

Mafi kyau shi ne hatsi 2 da wake 1. Amma ku duba: dā maki 200 ne, yanzu 150. Dā tiya 5 kake ɗaukowa gida, yanzu tiya 3. Inna ba ta yi sakaci ba, ba ta yi almubazzaranci ba. Katanga ce ta matso. Iya zaɓe yana taimako, amma ba ya ture katanga.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2004 ruwan sama ya ɗauke da wuri a wurare da yawa na Nijar, fara kuma ta yi ɓarna a waɗansu gonaki. Da 2005 ta shigo, hatsi ya yi tsada ƙwarai. Akwai hatsi a kasuwa, amma talaka ba ya iya saye. Iyalai suka daina sayen nama da mai, suka rage yawan girki, waɗansu suka sayar da awakinsu da araha. Jihar Maraɗi, wadda ake noma sosai a cikinta, tana cikin inda tamowa ta fi kama yara. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubbansu a wannan shekara.

Me ya sa tsada ta fi cutar talaka? Wani Bajamushe, Ernst Engel, ya ba da amsa tun 1857, bayan ya binciki cefanen iyalan leburori na ƙasar Beljiyam. Ya gane cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon girman kason da abinci ke ci cikin kuɗinsu. Ga misali. Gida na farko suna samun jika 30 a wata, abinci na cin jika 21. Gida na biyu suna samun jika 300, abinci na cin jika 90. In farashin abinci ya ninka, gida na biyu za su biya jika 180, da sauran kuɗi a hannunsu. Gida na farko kuwa jika 42 suke bukata, ga shi 30 gare su. Dole cikinsu ya biya sauran. Domin haka ne a shekarun tsada gwamnati kan fito da cimaka daga rumbunan OPVN, ma'aikatar da aka kafa a 1970, a sayar wa jama'a da rahusa.

Abin da ke faruwa a nesa ma yana motsa katangar. A watan Janairu na 1994 aka rage darajar sefa da rabi, sai kayan da ake kawowa daga ƙasashen waje suka yi tsada. Daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Maraɗi, da ke ciniki da Katsina ta hanyar Ɗan Isa, ta ji a jikinta.

8. Rumbun manomin Tibiri

Ba kuɗi kaɗai ke da iyaka ba. Manomin Tibiri ba ya ɗaukar albashi. Aljihunsa shi ne rumbunsa, kuma da dami yake ƙirga shi. Da kaka rumbu ya cika, bukatu kuma suka taso: tufafin yara, biki, biyan bashi, gyaran ɗaki. Duk damin da ya fitar ya sayar, ya rage abincin watannin da ke tafe.

Ga inda wahalar take. Da kaka kowa na sayarwa, hatsi na araha. Da damina kowa na nema, hatsi na tsada. Wanda ya sayar da yawa da kaka zai dawo ya sayi irin hatsinsa da tsada, daidai lokacin da yake bukatar ƙarfin noma. Ashe zaɓe ba tsakanin hatsi da wake kaɗai yake ba. Akwai zaɓe tsakanin yau da gobe. Dami guda a watan Agusta, rumbu ya kusa ƙarewa, kamar moɗar farko yake. Dami guda da kaka, rumbu cike, kamar moɗa ta huɗu yake. Shi ya sa magidanci mai hangen nesa ke rufe rumbu guda, ya ce ba za a buɗe ba sai an yi shuka. Shi ya sa kuma ƙauyuka da yawa suka kafa bankin cimaka: a saya da kaka a aje, a sayar wa ƴan gari da sauƙi in damina ta yi tsakiya.

Hausawa sun ce, daidai ruwa daidai tsaki. In an aike ku kasuwa, ku fara ƙirga abin da ke hannunku. Ku zagaya ku ji farashi kafin ku saya. Ku tuna abin da za ku bari. Sa'an nan ku kai kowace dala inda za ta fi yi wa gida amfani, ku kawo wa inna canjinta.

Ma'anar kalmomi

Iyakar aljihu: duk abin da kuɗin mutum za su iya saye bisa farashin kasuwa.
Amfanin ƙari: amfanin da ake samu in an ƙara abu guda a kan wanda ake da shi.
Musanya: barin abin da ya yi tsada a ɗauki mai araha wanda zai yi aikinsa.
Tamowa: ciwon da rashin isasshen abinci mai gina jiki ke kawo wa yara.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu ne ke gina iyakar aljihu?
2. Don me moɗar ruwa ta huɗu ba ta kai ta farko amfani ba?
3. Tiyar wake ta farko ta fi maki. Me ya hana a fara sayenta?
4. Me matan Maraɗi ke yi in ɗanyen tumatir ya yi tsada?
5. Me ya sa tsadar hatsi ta fi cutar talaka?

Aiki

1. Kana da dala 40. Masa guda dala 5, awara guda dala 10. Rubuta duk hanyoyin da za ka iya kashe kuɗinka duka, ka zana layin iyakar aljihunka.
2. Inna ta sami ƙarin jika guda, kuɗinta sun zama dala 800. Hatsi dala 100, wake dala 200. Yi amfani da makin da ke kashi na 5, ka nemo zaɓen da ya fi.
3. Tambayi mai awo na unguwarku nawa tiyar hatsi take da kaka, nawa take da damina. Kawo amsar aji ku kwatanta.